Ranar da Ɓawon Lemo Ya Dawo

Zuwa ga Kaka Makanike,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ka fara faɗan daɗewar da na yi. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan taka, ya kuma zaman gida tun bayan rasuwar Iya? Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon wuya irin na masu zaman kujera.

Ko ka manta ni, ni ce Agwagwa, jikar 'yar'uwar Iya. Ni aka kawo muku shekarar da mahaifiyata ta kwanta asibiti, na yi damina guda a gidanku, kullum sai ka tsamo ni daga ruwa kana riƙe da kunnena. An ce min naka kunnen ya ƙara nauyi, waya ba ta yi maka amfanin komai, shi ya sa na nemo takarda da ambulan.

Yanzu aikin ruwa nake yi, amma kada ka yi murna, tun da na fara ban jiƙa ko ɗan yatsa ba. Ofishinmu a ƙasan bene yake, tagarsa ɗaya, ba ma ganin komai sai takalman masu wucewa. Abin da muke yi shi ne mu gina kogi a cikin kwamfuta, da faɗinsa da zurfinsa da tudu da kwarin da ke gefensa, sai mu zuba masa ruwan lissafi mu ga inda zai bi. Kwanan nan aka ba ni aikin wani kogi da yake shiga tafki, ana so a san yadda ruwan biyu suke turereniya a inda suka haɗu. Na buɗe taswira ina bin lanƙwasar kogin, sai ga gadar ƙarfe, sai ga matakalar siminti da ke gangarawa ruwa, sai ga wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu a gefenta. Kaka, gidanka ne.

Na daɗe ina kallon akwatin nan. Abokin aikina ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa mura ce. Ba wanda zan gaya wa a garin nan ya gane. Ɗakina ɗaya ne, a tsaye nake cin abinci, kuma ba wanda ya san ni da wani suna sai wanda ke rubuce a katin wuyana. Sai na ga gara in gaya wa mai akwatin.

In ka ga dama ka ba ni amsa, ko da layi biyu ne.

Jikarka,
Agwagwa

*

Zuwa ga matata da ta gudu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a bakin matakala ina ɓare lemo. Mai kawo wasiƙa sai da ya taɓa kafaɗata, don ya ce ya yi sallama har muryarsa ta dishe. Ina lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, kunne kuwa ya riga ni yin ritaya, ƙarar injin jirgin ruwa ta cinye shi tun da sauran ƙarfina. Ido dai alhamdu lillahi, na karanta takardarki sau uku ba tabarau.

Wai ko na manta ki. Yarinyar da ta jefa min sifana mai lamba goma a kogi don ta ga ko zai yi iyo? Har gobe ina bin ki sifanan nan.

Kin tambayi zaman gida. To, ga shi nan dai. Tela ya tashi, mai facin taya ya tashi, masu kawo min gyaran inji sun koma wurin yara. Layinmu ya rage ni da wata kyanwa da ba tawa ba. Babban ɗana da Auta sun sa ni gaba wai sai na koma wurin Auta a birni, a hawa na huɗu. Sun aiko likita, sun aiko abokina, sun aiko surukina da kwandon kayan marmari. Duk wanda ya zo sai ya fara da yaushe rabo, ya ƙare da Baba ka tashi. Har na gane su tun daga yadda suke cire takalmi. Ke kaɗai kika zo ba da saƙon kowa ba, shi ya sa na ajiye takardarki a ƙarƙashin rediyon Iya.

Su tsoron ruwa suke yi, don ba su san kogin nan ba. Kogin nan ba ya shigo wa mutum ba sallama. Da farko zai yi ja kamar an dama ƙasa. Sai ya fara kawo rassa da robobi. Sai ya riƙa dukan ƙafar gada, ni kuwa ko ban ji da kunne ba, ina jin sa a tafin ƙafata ta daɓen ɗaki. Daga nan ina da wuni guda cur in ɗaga injuna kan benci, in ɗaure katifa a rufi, in kulle ƙofa in hau titi. Haka muka yi da Iya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tana rungume da rediyonta tana min faɗa ban ɗauko bargo ba. In ruwa ya janye mu dawo mu kwashe laka.

Har yanzu kowace safiya a matakala nake shan lemona, in jefa ɓawon in bi shi da ido har ya shige tafki. Da Iya takan leƙo ta taga ta ce ina ƙazantar da kogin mutane. Yanzu nakan jefa, in ɗan jira, ba mai cewa komai.

Ki gaya min, a cikin akwatin nan naki ana ganin wankin da na shanya? Kuma ki daina cin abinci a tsaye, ba kyau.

Kakanki,
Makanike

*

Zuwa ga Kaka,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na yi dariya ni kaɗai a cikin bas saboda maganar sifana, har wata mata ta matsa daga kusa da ni. Ina fatan gwiwa ta sassauta. Na sayi kujera ta biyu, yanzu a zaune nake cin abinci ina kallon ɗayar. Wanki kuwa ba a ganinsa, rufin kawai ake gani da tsayin ƙasar da gidan yake kai.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, gwaji nake ta yi. Kowane gwaji yakan ci rabin wuni, ina zaune ina jin kukan fankar kwamfuta. Duk sanda na fara sabo, gidanka a bushe yake farawa, tsaf kamar ranar da aka gina shi. Sai in zaɓi irin ruwan da zan saki, na rani ko na damina, in ga abin da zai faru.

Ga abin da na gani. In kogi ya cika tafki yana ƙasa, abin da ka faɗa ne daidai: ruwa ya taso, ya taɓa daɓe, ya wuce. Amma tafkin ba inda ka san shi yake ba. Damina biyu a jere ya sha ruwa bai sauke ba, ma'auninmu ya nuna bai taɓa kaiwa inda yake yanzu ba. Tafki in ya cika haka, yakan zama wa kogi kamar ƙofar da aka danne ta baya. In kuma iska ta taso daga tsakiyarsa ta nufo bakin kogi, sai ta tara ruwan a wajenku, ya hau kogin ya yi sama. To in jan ruwan ya sauko a wannan lokaci, ba shi da inda zai shiga.

Na gwada ta kowace fuska. Na rage iska, na rage ruwan sama, na canza zurfin bakin kogin ko na yi kuskure. Duk sanda ruwan biyu suka haɗu, akwatin nan yakan koma ja a allo, kuma ja a wurinmu yana nufin ruwa ya wuce taga.

Saboda haka shawarata ita ce ka koma wurin Auta kafin damina ta kankama. Na san ba ka so, amma a wannan karon su Auta suna da gaskiya, ya kamata ka saurare su.

Jikarka,
Agwagwa

*

Zuwa ga Malama Injiniya,

Bayan sallama, ina lafiya, ina fatan kina lafiya.

Na ga takardarki. Ta yi kyau, an tsara ta. Ta fara da yaushe rabo, ta ƙare da Baba ka tashi, sai dai ke kin fi sauran haƙuri, kin raba ta gida biyu. Ban san wanne daga cikinsu ya nemo ki ba, amma ki ce masa ya iya zaɓe. Likita bai sa na sayi kan sarki ba, ke kin sa.

Na zaci kewa ce ta sa kika tuna da ni. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba, don na gaya miki abin da ban gaya wa 'ya'yan cikina ba.

Na zauna da kogin nan tun ba a haifi uwarki ba. In zai zo zan gan shi. Na cire takardarki daga ƙarƙashin rediyo. Kada ki wahalar da kanki da amsa.

Makanike

*

Kaka,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, tun da ba ka tambaya da gaske ba. Ya gwiwa? Ita dai na san ba ta yi fushi da ni ba.

Amsa kam sai na ba ka, in ka so ka hura wuta da ita. Rabona da Auta tun tana goyon fari, babban ɗanka kuwa ko a hanya na gan shi ba zan gane shi ba. Ba wanda ya aiko ni. Da aiko ni aka yi, da na iya lallashi, ba zan rubuto maka kamar ina rubuta wa shugaban sashenmu ba. Wannan kam na yarda, na saba da rubutun ofis har na manta yadda ake magana da mutum. Amma ka ce ban yi kewa ba? Ni da nake leƙa akwatin wasiƙa safe da yamma kamar mai jiran sakamakon jarrabawa? Tsoho, ka ji tsoron Allah.

Ban ce ba ka san kogi ba. Ka san shi fiye da ni, ni a allo kawai nake ganinsa. Matsalar ita ce ba shi zai fara zuwa ba. Kai gabanka kake kallo, kana jiran jan ruwa da rassa da dukan gada. Wanda nake jin tsoro ta bayanka zai zo, daga tafki. Fari ne tas, ba ya ɗauke da ko tsinke, ba ya dukan komai, tafin ƙafarka ba zai gaya maka ba. Kuma titin da kuke hawa kai da Iya ya fi daɓen gidanka kwari ta wajen kwalbati, shi zai fara nutsewa. Lokacin da kogi zai yi ja ka fara ɗaga injuna, ba sauran hanyar fita. Wunin nan da kake taƙama da shi, babu shi bana.

To na ji, ba za ka tashi don maganata ba. Kada ka yarda da ni, kada ka yarda da kwamfuta. Ka ci gaba da shan lemonka a matakala kana jefa ɓawon kamar kullum. Muddin yana tafiya tafki, zauna abinka, ba zan ƙara ce maka komai ba. Amma ranar da ka jefa ya tsaya cak, ko ya juyo ya nufi gada, ka bar injuna, ka bar katifa, ka kama hanya a lokacin. Wannan kaɗai nake roƙonka, kuma ba saƙon kowa ba ne.

Agwagwa, ko ka so ko ka ƙi

*

Kaka,

Sallama. Ban san ko kana lafiya ba, don haka ban san me zan rubuta a wurin gaisuwa ba. Ni dai ga ni nan. Damina ta yi nisa, ban ga amsarka ba. Ban sani ba ko takardata ta ɓata a hanya, ko ta iso ka ƙi buɗewa.

Akwai ma'auni a kan tafkin da yake aiko mana da tsayin ruwa kai tsaye. Da safe in na shigo ofis, kafin in ajiye jaka shi nake dubawa. Hawa yake ta yi. Masu hasashen yanayi kuma sun ce iska za ta juyo ta wajenku. Mun aika wa hukuma rahoto, sun ce za su zagaya da lasifika su yi gargaɗi. Da na ji an ce lasifika na tuna kunnenka, sai da na fita waje na tsaya.

Na nemi lambar Auta na kira ta. Yanzu kam kana iya cewa mun haɗa baki, gaskiya ne, ni na neme ta. Ta ce ta je, ka ba ta shayi, ka raka ta mota. Ta yi kuka, ni ma na yi, mu biyu da ba mu san juna ba.

Na san kafin takardar nan ta iso, abin da zai faru ya faru. Ina rubutawa ne don ba ni da wani abin yi da hannuna. Jiya na sayi lemo a hanya, na kasa sha, yana nan kan kujera ta biyu.

Agwagwa

*

Zuwa ga Agwagwa,

Assalamu alaikum. Ina raye, ina lafiya, gwiwa ce kawai take zagina saboda matakalar gidan Auta. Na san Auta ta gaya miki ta waya, amma na ce wannan labari ba na waya ba ne, da hannuna zan rubuta. Takardarki ta ƙarshe sai a nan ta same ni, mai kawo wasiƙa ya ba babban ɗana. Wadda ta gabace ta kuwa ta iso a kan lokaci. Na karanta, na ce yarinyar nan ba ta da kunya, na sa ta ƙarƙashin rediyo.

Ranar da abin ya faru gari ya waye da iska, amma ba ruwan sama. Na duba kogi, lafiya lau, ko alamar ja babu. Na taka daɓe ba takalmi, shiru. Na zauna a matakala na ɓare lemona ina cewa a raina ina ma Injiniya tana nan ta ga ambaliyarta. Na jefa ɓawon. Ya ɗan yi gaba, ya tsaya yana juyi a wuri ɗaya, sai ga shi ya dawo ya wuce ta gabana ya nufi gada.

Ban yarda nan take ba, kin san halina. Na ce iska ce take tura shi, ɓawo ba nauyi. Na shiga shago na ɗauko kwalba, na zuba mata ruwa har ta nutse sai wuyanta, yadda iska ba za ta kama ta ba, na sake ta. Ita ma ta bi ɓawon. Tun ina saurayi nake zaune a wurin nan, ban taɓa ganin kogin nan yana komawa inda ya fito ba. Na ji tsoro, Agwagwa, irin wanda ban ji ba ko a manyan ambaliya.

Na ɗauki rediyon Iya da takardunki, na kulle ƙofa kamar zan dawo da yamma. A wajen kwalbati ruwa ya riga ya hau titi, ya kai min ƙauri, fari tas, ina ganin yatsun ƙafata a ciki. Wata motar masu kifi ce ta ɗauke ni. Washegari jan ruwan ya sauko. Babban ɗana ya je bayan ambaliyar ta janye, ya ce ruwa ya wuce taga kamar yadda kika faɗa, bangon shago ya zube kan benci, ɗakin Iya ya tsage. Hukuma ta shafa jan fenti a ƙofar, ba mai komawa. Bargon ma na sake mantawa da shi.

Waccan takardar da na kira ki Malama, ki yaga ta. Sifana kuma na yafe.

Auta tana kula da ni har abin ya yi yawa. Suna fita aiki tun da safe, yara su tafi makaranta, ni in zauna a baranda. Daga nan ba a ganin komai sai rufin motoci. Daɓen gidan nan ba ya gaya wa ƙafa komai. Da safe nakan ɓare lemo, in riƙe ɓawon a hannu, sai in tashi in kai kwandon shara. Kowa yana ce min in gode wa Allah, kuma na gode. Amma ke da kike cin abinci kina kallon kujera, na san za ki gane sauran.

Ina da roƙo ɗaya. Kin ce duk sanda kika fara sabon gwaji, gidan a bushe yake farawa, tsaf kamar ranar da aka gina shi. Na san yanzu za a ce ku gyara taswira, tun da ba gida a wurin. In da hali, ki ajiye tsohuwar a wani lungu, kada ki goge akwatin nan. Ranar da ba ki da aiki da yawa, ki sakar masa ruwan rani, ɗan kaɗan, mai tafiya tafki. Sai ki rubuto ki gaya min a matakala ta nawa ya tsaya.

Kakanki,
Makanike